Yadda Ake Binciken Hitar da Ta Mutu a Tsakiyar Wankan Jego

Wannan darasi na magidanci ne mai hitar ruwa a banɗaki, mai jego a ɗaki, da suruka a falo. Idan hitarka ta daina dumama ruwa, kana tsaye tsakanin gyara ta da sayen sabuwa, ka zo inda ya dace. Ka bi matakan nan tara ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin ba wanda zai ji ka amsa laifi, ko mai gyara, ko suruka, ko matarka. An gwada hanyar. Maƙwabcina Habibu, ma'aikaci a wani ofishin gwamnati, mazaunin Ƙofar Kaura, ya bi ta daga farko har ƙarshe. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ba ta da kauri, ni kuma na yi ritaya. Abin da katangar ba ta kawo mini ba, Habibu ya kawo shi da bakinsa daga baya.

Mataki na ɗaya: Ka fara da cika baki

Tun hitar tana da lafiya ka tabbatar kowa ya san da zamanta. Hitar da ba a yi alfahari da ita ba, in ta mutu sai kawai a kira mai gyara, kuma babu darasi a cikin wannan.

Fadila matar Habibu haihuwar fari za ta yi. Al'ada ta ce gidan iyayenta za ta je wanka, ta yi kwana arba'in ana gasa ta da ruwan zafi safe da yamma. Mahaifiyarta Hajiya Zulai har ta sa an jibge mata icce a gidanta na Ƙofar 'Yandaka, an wanke babbar tukunya. Habibu ya ce matarsa ba inda za ta. Ya je da kansa, ya durƙusa, ya yi bayanin cewa a gidansa akwai hitar bango 'yar Italiya, wadda mai shago ya ce sai ta ga jikokinsa. Ba hayaƙi, ba toka, maɓalli ɗaya ake dannawa.

Hajiya ba ta dube shi ba, tunda suruki ne. Ɗiyarta ta duba.

"Ki ce mashi na ji. Ni zan zo in zauna in yi maki wankan a can. Amma ki ce mashi ran da na nemi ruwan zafi na rasa, ran nan Ƙofar 'Yandaka za ki kwana, ke da abin da kika haifa."

"Ba za a rasa ba, Hajiya, in Allah ya yarda," in ji Habibu, yana yi wa tabarma magana.

Fadila ma gidanta take so. Ita ta lallashi uwar har ta amince. Ka riƙe wannan, don zai nuna maka girman aikin da ke gabanka: matar da ke bayanka ba a rasa ta da kuskure ɗaya, sai an dage.

Mataki na biyu: Ka kashe ta da hannunka, ba shaida

A cikin kowace hita akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke dumama ruwan, masu gyara suna ce masa elimen. Dokarsa ɗaya ce: kada a kunna shi ba ruwa. Almu mai gyara ya faɗi haka ranar da ya kafa ta. An kuma rubuta a jikin kwalin da harsuna shida.

An haifi mace, aka sa mata sunan mahaifiyar Habibu, ana kiranta Ummi. 'Yan suna suka yi kwana biyu suna wanke-wanke da alwala har tankin da ke saman gida ya yi ƙasa. Ran Juma'a da yamma Hajiya ta tatse ragowar da ke cikin hitar.

"Abban Ummi, ruwa ya ƙare a sama," in ji Fadila. "In an kawo wuta ka fara tura ruwa kafin ka taɓa hita."

"Na sani," ya ce, idonsa a kan waya.

Asabar da safe, wajen ƙarfe bakwai, aka kawo wuta. Kai ma ka san abin da ke samun magidanci a garin nan idan ƙwan lantarki ya kama. Hankalinsa yakan koma cikin yatsu. Habibu ya jona wayoyi uku, ya kunna firji, ya jona dutsen guga ko da ba abin gogewa, ya danna maɓallin hita yana wucewa. Injin tura ruwa yana waje kusa da get, sai an sa takalmi. Bai kai ga samo takalmin ba ƙauri ya taso daga banɗaki, kamar ana babbakar kan rago, sannan wani abu ya ce ƙas.

Ga abin yi. Kashe maɓallin. Buɗe taga. Fesa turare. Fita ka kunna injin ruwa, ka gaisa da maƙwabta da ƙarfi don a shaida kana waje. Ran nan Habibu ya tambaye ni kwana, gajiya, sanyi, ciwon gwiwa, da 'ya'yana huɗu kowa da sunansa. Shekara biyu muna maƙwabtaka ban san ya san sunayensu ba.

Mataki na uku: Ka ɗora wa masu wuta

Allah ya yi mana baiwa da su. Ba laifin da za ka ɗora musu wani ya tsaya kare su.

Hajiya ta shiga da ganyen bedinta, wato darbejiyar wankan jego, ta murɗa famfo, ta tara hannu, ta fito.

"Ki tambaye shi, 'yar Italiyar barci take?"

"Wutar ce ba ta da ƙarfi, Hajiya," in ji Habibu daga bakin ƙofa. "Rabi suka kawo."

Firji yana gurnani a bayansa. Dutsen guga ya yi zafin da har ya fara ƙona zanen da aka shimfiɗa. Kada irin wannan ya dame ka. Ka ce hita ba kamar firji ba ce, tana da nata lissafin. Duk maganar da aka sa kalmar lissafi a ciki, mutane sukan bar ta.

Fadila ta dube shi daƙiƙa biyu, ta miƙa wa uwar jaririya, ta shiga kicin ta ɗora babbar tukunya a kan gas. An yi wankan safe da ƙarfe goma sha ɗaya. Ruwan zafi dai ba a rasa ba, saboda haka sharaɗin Hajiya bai faɗa ba tukuna.

Mataki na huɗu: Ka yi bincike inda za a gan ka

Ka ware yini guda. Ka cire riga, ka rage singileti. Ka nemo testa, wato sukundireban nan mai ƙwai a gindi, ka taɓa duk abin da ke banɗakin da ita, har mariƙin tawul. Ka ƙwanƙwasa cikin hitar da yatsa kamar mai zaɓen kankana, ka kara kunne, ka gyaɗa kai. Ka cire fis ka hura masa iska ka mayar.

Sannan ka zauna a falo ka ƙure muryar waya, ka kalli Turawa suna gyara tukunyar dumama gida. Tasu tana ƙarƙashin ƙasa, ta kai girman saniya, tana tura zafi ɗaki-ɗaki saboda ƙanƙara. Ba abin da ya haɗa ta da taka sai sunan ruwa. Wannan ne amfaninta. Habibu ya yi Lahadi guda yana koyon yadda ake fitar da iska daga bututun da babu irinsa a Katsina, kuma kowa ya ga yana ƙoƙari.

Abu ɗaya ne haramun a wannan mataki, shi ne kwance murfin ƙasa. A nan elimen yake. Mai bincike na gaskiya ya san inda ba a dubawa.

Tukunyar tana cin bokiti uku. Sau biyu ake ɗora ta kowane wanka, wanka biyu a rana. Hajiya tana da ciwon baya. Ka lissafa da kanka wa ke sauke ta.

Mataki na biyar: Ka kira mai gyara, amma ka hana shi magana a cikin gida

Ran Litinin Hajiya ta ce wa Fadila ta ce masa akwai masu wannan sana'a a gari. Dole ya kira Almu.

A nan Habibu ya yi sakaci, kai kada ka yi. Almu ɗan Ƙofar 'Yandaka ne. Yana shiga ya zube a gaban Hajiya.

"Hajiya, ina kwana? Ya mai jego? Ya baƙuwa? Allah ya raya."

"Almu ne? Ɗan Ramla mai ƙuli? Ya ƙafar uwar taka?"

Sun yi minti goma a kan ƙafar. Sannan Almu ya hau kujera, ya kwance murfin ƙasa, ya zaro elimen. Ya fashe, ya yi fari fat kamar ƙashin da ya shekara a rana. Almu ya juya shi, ya shinshina.

"Yallaɓai, ai wannan..."

"Mu je waje, akwai haske."

A bakin get, dab da tagata, Almu ya ƙarasa.

"Ba ruwa aka kunna ta."

"Ba wutar ba ce?"

"Wuta in ta kashe abu baƙi take barin shi. Wannan ƙishirwa ce ta kashe shi. Amma ba wani abu ba ne, Yallaɓai. In hau babur yanzu in karɓo sabon elimen a kasuwa, kafin azahar Hajiya tana yi wa mai jego wanka da tafasasshe."

"In ta tambaye ka abin da ya same ta fa?"

Almu ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, matar nan ta san ranar da aka yi mini kaciya. Me zan ce mata?"

"To bari in yi shawara. Mayar da shi yadda ka gan shi."

Ya fitar da Almu ta ƙaramar ƙofa, ya gaya wa mutanen gida cewa mai gyara ya ce matsalar tana da zurfi.

Mataki na shida: Gyara ko sabuwa

Mun zo tsakiyar darasi. Masu ilimin abin suna da ƙa'ida. In hitar ba ta tsufa ba, cikinta bai huje ba, a gyara. In ta yi tsatsa tana ɗiga, ko gishirin ruwan burtsatse ya cinye ta, a sake. Ta Habibu shekararta ɗaya da wata biyu. Ko ɗan koyo ya san amsa.

Kai kuwa ba haka za ka auna ba. In ka gyara, ƙonannen ƙarfe zai fito fili, Almu zai yi bayani. In ka sayi sabuwa, ka yarda kenan 'yar Italiyar da za ta ga jikoki ba ta ga yaye ba, kuma a gaban matar da aka hana ta tukunyarta saboda ita. Ta ko'ina akwai amsa laifi. Saboda haka ka zaɓi shawara, ita ce kaɗai ba ta da ranar ƙarewa.

Ka kai maganar majalisa bayan la'asar, ka ɓoye batun tanki. Wani zai ce kayan yanzu duk jabu ne. Wani zai ce ka sa sola. Wani zai ce baki ne ya kama ta, a rage nuna wa mutane banɗaki. Ka dawo gida da ra'ayi biyar, ka ce kana nazarinsu.

Mataki na bakwai: Ka tuna kai mai ilimi ne

Ran Talata wutar gas ta fara ja-ja. Hajiya ta ce wa Fadila ta ce masa a kawo icce da duwatsu uku, ita ta iya sauran.

Kada ka yarda. Tsakar gidan Habibu shimfiɗe take da tayil, bango sabon fenti. Wannan shi ne dalilin da ake faɗa. Na gaskiyar shi ne hayaƙi ba ya tsayawa a cikin katanga. Da zarar ya tashi sama, duk layin ya karanta cewa hita ta mutu.

A nan ne za ka ɗauko likitoci. Habibu ya gyara murya ya ce binciken zamani ya nuna wanka da ruwa mai tsananin zafi yana wahalar da zuciyar mai jego, balle a haɗa da kunun kanwa. Gaskiya ya faɗa, ni ma na karanta. Kyawun gaskiya shi ne ana iya ajiye ta a aljihu sai ranar da ake bukata.

Hajiya ta ci gaba da shafa wa Ummi mai.

"Ki tambaye shi, ran da ya zo gidana yana yabon bokiti huɗu na tafasasshen ruwa, likitocin ba su gama makaranta ba?"

Ran Laraba da hantsi, yana ofis, Hajiya ta tarar da Fadila zaune a ƙasan kicin, ta jingina da bango, tukunya tana tafasa a sama. Jiri ne ya ɗebe ta. Kwananta goma sha huɗu da haihuwa. Na ji salatin Hajiya ta katanga, na ajiye littafin da ke hannuna, sai na tuna ba gidana ba ne. Tawa matar shekara bakwai kenan da rasuwarta, ita ma ba ta cika faɗin abin da ke damunta ba, ni ma ban cika tambaya ba.

Mataki na takwas: In an miƙo maka mafita, ka ƙara mata gishiri

Da Habibu ya dawo daga ofis, Fadila ta kira shi ɗaki ta tura ƙofa.

"Abban Ummi, na ji ƙaurin ran Asabar. Turaren da ka fesa nawa ne."

Ya zauna a bakin gado, ta ci gaba.

"Hajiya ta fara haɗa kaya. Ni ba na son tafiya. Ka kira Almu gobe ya canza abin nan. In ta tambaya, ni zan ce ni na kunna, mantuwar jego ce. Ba za ta yi mini faɗa mai yawa ba."

Ƙaramin ɗalibi zai ji kunya a nan ya lalata aikin kwana biyar. Matsakaici zai karɓa ya yi shiru, a gyara hita, magana ta mutu. Habibu gwani ne. Ya ga cewa in aka jira sai Hajiya ta tambaya, wataƙila wani ɗan zargi ya rage a kansa. Gara a share wurin tas.

Alhamis da safe ya durƙusa a bakin falo, Fadila tana gefe tana ba da nono.

"Hajiya, an gano matsalar. Ashe ba ruwa aka kunna ta. Fadila ce, ran Asabar. Na sha gaya mata, kayan wuta ba a yi musu gaggawa, amma kin san mata da maɓalli. Na ce mata ba komai, na yafe."

Ka lura da "na yafe". Nan ne gwanintar take.

Hajiya ta gyara zama. Sannan, karo na farko tun da aka ɗaura auren, ta ɗago ta dube shi, ta kuma yi magana da shi kai tsaye.

"Ran Asabar tun asuba ɗiyar nan tana gefena, jaririya na bisa cinyarta, har aka kawo wuta, har ƙauri ya taso. Na ga wanda ya wuce da gudu ba takalmi. Kwana biyar ina jira in ji ko za ka faɗa."

Fadila ba ta kare shi ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta gama ba da nono, ta saɓa Ummi a kafaɗa har ta yi gyatsa, ta tashi ta shiga ninke kayan jaririya da kanta. Kafin azahar motar yayanta ta tsaya a ƙofar gida. Da za ta shiga ta gaishe ni, ta ce in yafe hayaniya.

Ka duba da kyau. Har aka rufe ƙofar mota Habibu bai ce shi ne ba. Hanyar ta yi aiki.

Mataki na tara: Yanzu ka yanke shawara

Tunda ba sauran mai kallo, ka yi duka biyun. Habibu ya sa Almu ya canza elimen, aikin bai kai awa ɗaya ba. Ya kuma sayo sabuwar hita, wadda ta fi ta farko girma, aka kafa ta a ɗaya banɗakin. Ya ɗauki hotonta ya tura wa Fadila. An buɗe saƙon.

Almu yana tattara kayan aikinsa ya dubi wannan banɗaki, ya dubi wancan.

"Yallaɓai, duka biyun kai za ka riƙa shiga?"

An yi arba'in mako uku da suka wuce. Fadila ta yi kitso da lalle, ta zaga dangi da Ummi a baya, ta koma Ƙofar 'Yandaka. Habibu ya aika kawunsa da goro da bayanin cewa yanzu ruwan zafi ya wadata. Hajiya ta karɓi goron, ta ce a gaishe shi, su ma suna da ruwa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba injiniya ba ne, ba mai gyaran famfo ba ne, ba kuma alƙali ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya ga gidansa ya yi fili, ko ya fara jin ƙarar firji daga kowane ɗaki, shi ya jiyo. Ba na karɓar ƙorafi ta katanga, ba na ba da aron testa, ba na raka kowa biko. Habibu ya roƙe ni in bi shi Ƙofar 'Yandaka ran Juma'a mai zuwa, wai ni dattijo ne mai iya tsara magana. Na ce masa gwiwata ta tashi. Abin da ake jira ya faɗa a gidan can kalma uku ne, ba ya bukatar tsari, kuma ba ya cikin wannan darasi.